Cire bawul ɗin rektifaya a sa dayod a amfilifaya: abin da ya kamata a lissafa

Tambaya: Ina da amfilifayar jita mai bawul, 6V6 guda biyu ne a wajen fita, bayas ɗinsu, wato saitin karant ɗin da suke ja a zaune, na katod ne da rizista 250Ω, rektifayar kuma, wato bawul ɗin da ke mayar da AC zuwa DC, 5Y3 ce. Taransifomar 350-0-350 ce, kafasitocin tace wuta na 450V. Bawul ɗin rektifayar ya mutu, sai na jona 1N4007 guda biyu a soket ɗinsa. Tana aiki, amma wutar kan kafasitar farko ta tashi daga 370V zuwa kusan 435V, bawulolin fita suna zafi fiye da da, sautin ma ya yi tauri. Yaya zan ƙera abin da zai maye gurbin bawul ɗin yadda ya kamata? Kuma dole ne sai na sa masa jinkirin kunnawa?

Amsa: Malam, ka fara kashe ta tukuna. Abubuwa biyu ke bakin iyakarsu a cikinta yanzu haka, dayod ɗin da ka sa da kuma 6V6 ɗinka.

Na dayod ɗin ya fi gaggawa. A tsarin taransifoma mai wayar tsakiya, lokacin da dayod ɗaya ke hutawa, katod ɗinsa na zaune a kan wutar da kafasita ta tara, anod ɗinsa kuma ya gangara ƙololuwar ɗaya ɓangaren. Saboda haka abin da yake tarewa ninki biyu ne na ƙololuwa. 350 sau 1.414 ya ba da 495V, ninki biyunsa 990V. Iyakar 1N4007 kuwa 1000V ce. Ratar 10V kacal ke tsakani, ita ma a kan takarda. Taransifomar da ba ta ɗauke da kaya tana ba da fiye da abin da aka rubuta mata, wutar gida takan hau da kashi biyar zuwa goma cikin ɗari, tsofaffin taransifomomi kuma da yawansu an naɗa su ne don 117V ko 220V, yau ana ba su 120V da ɗoriya ko 230V. Bawul ɗin da ka cire yana jure 1400V. Idan dayod na silikon ya gaji, yawanci ba ya yankewa, haɗewa yake yi ya zama waya. Daga nan AC ta shiga kafasita kai tsaye, naɗin taransifoma ya fara dahuwa, kuma taransifoma ita ce abin da ya fi wahalar samu a duk cikin akwatin.

Maganin wannan mai sauƙi ne: dayod biyu a jere a kowace ƙafa, huɗu ke nan gaba ɗaya, ka samu 2000V. Ni UF4007 nake zaɓa maimakon 1N4007. Ƙarfinsu ɗaya, 1000V da 1A, amma UF ɗin yana rufewa da sauri, cikin nanosakan 75, don haka ba ya tayar da ƙarar "zzz" da dayod mai nawa ke haifarwa idan ya katse karant a naɗin taransifoma. Tsofaffin zane-zane sukan sa rizista 470kΩ a gefen kowane dayod don su raba wutar daidai. Da dayod na yanzu, iri ɗaya daga kwali ɗaya, ban ga buƙatar hakan ba. Idan ka ji ƙarar ta saura, ƙaramar kafasita 10nF mai jure 2kV a gefen kowanne takan kwantar da ita. Sannan ka sa fiyus a ɓangaren babbar wutar, ko a wayar tsakiya ko, wanda ya fi kariya, ɗaya a kowace ƙafa kafin dayod. Fiyus ɗin wutar shiga kaɗai yana iya zuba ido taransifoma ta ƙone bai tsinke ba.

Yanzu 6V6. Auna wutar da ke kan rizistan katod ɗin nan mai 250Ω. A da can wataƙila kana da kamar 21V, wato 84mA tsakanin bawul biyu. Idan ka cire ɗan abin da sikirin, wata waya a cikin bawul ɗin, ke sha, kowanne yana jan kusan 38mA a kan 345V da ke tsakanin anod da katod, wajen 13W. Iyakar 6V6GT 12W ce, 6V6GTA kuma 14W, ka ga tun asali a bakin gaɓa suke. A bayas na katod idan boltej ya hau, karant ma hawa yake yi tare da shi, shi ya sa zafin ke ƙaruwa ta fuska biyu. Ƙarin 65V ɗinka na iya kai kowane bawul wajen 18W. A ɗaki mai duhu za ka iya ganin farantin anod ɗin ya fara yin ja.

Tushen matsalar shi ne an ɗauki bawul ɗin rektifaya a matsayin mai aiki ɗaya, mayar da AC zuwa DC. Wannan aikin dayod ya fi shi iyawa nesa ba kusa ba. Amma bawul ɗin yana kuma zubar da wuta mai yawa a jikinsa, zubarwar tana ƙaruwa idan aka ƙara jan karant, yana rage kaifin karant ɗin da ke afka wa kafasita, wasu nau'o'insa kuma suna jinkirta isowar wutar. Wanda ya zana amfilifayar ya zaɓi taransifoma da kafasitoci da bayas ne yana sane da duk waɗannan. Ƙera madadi na nufin ka duba wanne daga cikinsu amfilifayarka ke dogara da shi, ka mayar mata da shi, sauran ka bar su.

Dayod na silikon yana zubar da 0.7V zuwa 1V, ko da karant nawa ya bi ta cikinsa. Bawul kuwa yana bin dokar da Child da Langmuir suka fitar a 1911 da 1913: karant yana tafiya da boltej mai ƙarfin lissafi uku bisa biyu. A aikace, idan karant ya ninka, wutar da bawul ke zubarwa ba ta ninkawa, tana ƙaruwa ne sau 1.6 kawai. Takardun bayanan masana'antu sun ba 5Y3 zubarwar 50V zuwa 60V a 125mA, 5U4GB kusan 50V a 275mA, GZ34 kuma, wadda ake kira 5AR4, wajen 17V a 225mA. Daga nan za ka gane abin da ya sa mai GZ34 idan ya koma dayod bambancin bai cika girgiza shi ba, kai mai 5Y3 kuwa ka ga tsalle babba.

Hanyar da ta fi sauƙi ta mayar da zubarwar ita ce rizista a jere da dayod, kafin kafasitar farko. A nan ne lissafin mutane da yawa ke karkacewa. Mutum zai ce yana son zubar da 65V, amfilifayar na jan 85mA, sai ya raba ya samu 760Ω. Idan ka sa wannan, wutar za ta faɗi ƙasa da inda kake so sosai. Dalili kuwa, kafasitar farko ba ta shan karant a hankali ɗungurungum. Kurɓa take yi, kamar mai ƙishi da aka miƙo wa moɗa aka janye: sai AC ta kusa ƙololuwa dayod ke buɗewa, ta kurɓi abin da zai ishe ta har zagaye na gaba, sau 100 ko 120 a daƙiƙa. Tsayin kowace kurɓa a irin amfilifayarka ya kai kusan ninki uku na karant ɗin DC, wato wajen 250mA. Wannan karant ɗin ne rizistan ke gani, kuma shi ne bawul ɗin ma ke gani a da.

To sai a tambayi bawul ɗin abin da yake yi a 250mA. Ninki biyu ne na 125mA, saboda haka 50V sau 1.6, kusan 80V. Raba 80V da 0.25A, ka samu 320Ω. Rizista 330Ω ke nan, shi ne kusan daidai da 5Y3 a wannan aikin. Irin wannan lissafin yana kai 5U4GB wajen 120Ω zuwa 150Ω, GZ34 kuma 47Ω zuwa 68Ω, gwargwadon nauyin da suke ɗauka. Waɗannan wuraren farawa ne, mita ce za ta yanke hukunci. Idan kana son ganin abin kafin ka kama dalma, manhajar PSU Designer II tana da samfurin waɗannan bawuloli a cikinta, LTspice ma tana yi. Kafin kwamfuta, jadawalin da Otto Schade ya wallafa a 1943 ake bi, har yanzu kuma amsarsa na fitowa daidai. Abin da kowace hanya ke buƙata daga gare ka shi ne juriyar naɗin taransifomarka: ka auna daga wayar tsakiya zuwa kowace ƙafa da mita, a kashe, bayan ka sauke kafasitoci.

Kurɓar nan tana shafar zafi fiye da yadda take shafar boltej. Idan ka lissafa da 85mA, 330Ω zai ce maka 2.4W, ka je ka sa mai 5W kana ganin ka bar rata. Amma zafi yana bin RMS ne, wato ma'aunin karant ta fuskar zafin da yake haifarwa, RMS ɗin waɗannan kurɓoɓi kuwa ya kai kusan sau 1.6 na DC ɗin, wajen 140mA. Ainihin zafin 6.5W ne. Rizistan 5W zai ƙone allon da ke kusa da shi kafin ya mutu. Ni na fi son rizista ɗaya a kowace ƙafa, tsakanin taransifoma da dayod. Ka lura, ba a raba darajar biyu: kowanne 330Ω ne cif, domin ƙafa ɗaya ce ke aiki a kowane lokaci. Zafin ne ke rabuwa, kowanne ya ɗauki 3W da ɗan ƙari. Sa masu 10W na naɗin waya, ka ba su iska. Akwai ƙarin riba a wannan tsari, idan dayod ya haɗe akwai abin da ke tsaye tsakaninsa da taransifoma.

Wannan zafin ne ya sa ba na sha'awar cusa komai cikin gindin tsohon bawul a toshe da roba. Bawul ɗin yana da gilashi mai faɗi da ke tsaye cikin iska yana fitar da zafinsa. Gindin bakalait ɗan mitsitsi ba shi da wannan. Masu sayar da irin waɗannan madadin da ake cusawa a soket, kamar Copper Cap na kamfanin Weber, a cikin bututun ƙarfe suke sa su saboda wannan dalilin. Idan amfilifayar taka ce kuma ba ka damu da mayar da ita yadda take ba, ka ɗaura rizistocin a jikin shasi daga ciki, nesa da kafasitoci, ya fi kwanciyar hankali. Idan kana son ka riƙa sauyawa tsakanin bawul da dayod, to ka yi masa gida na ƙarfe mai huji, kuma ka tabbata babu abin da ke ɗauke da wuta da ya taɓa gidan.

Akwai mai cewa rizista miƙaƙƙen layi ne, bawul kuwa lanƙwasa, don haka ba za su taɓa zama ɗaya ba. Gaskiya ne, kuma ana iya matsowa kusa. Duk inda ka tsaya a kan lanƙwasar uku bisa biyu, za ka iya kwaikwayonta da abu biyu: tsayayyen boltej da ya kai kashi ɗaya bisa uku na zubarwar, da rizista da ya kai kashi biyu bisa uku na juriyar wurin. 5Y3 a 200mA na zubar da kusan 68V, juriyarsa 340Ω. Sai ka sa dayod ɗin Zener, wanda ke zubar da tsayayyen boltej, mai 22V, kamar 1N5358B mai 5W, bayan mahaɗar dayod ɗin, da rizista 220Ω. Wannan haɗin yana bin sawun bawul ɗin fiye da rizista kaɗai. Ko kunne zai bambance? A ganina a ƙaramar amfilifaya irin taka da wuya. Inda Zener ke da amfani na haƙiƙa shi ne lokacin da kake son rage boltej ba tare da ƙara lotsawa ba, wato faɗuwar da wutar ke yi idan an ƙara jan karant. Wasu kan sa shi tsakanin wayar tsakiya da ƙasa. Yana aiki, amma idan amfilifayar tana ɗibar wutar bayas daga wannan naɗin, bayas ɗin zai gusa, sai an sake saita shi.

Rashin lotsawar da na ambata shi ne taurin sautin da ka ji. A amfilifayar da bawuloli biyu ke tura da ja a aji AB, idan ka daki igiyar jita da ƙarfi karant ɗin da suke ja yakan yi tsalle. Wutar ta ɗan lotsa na ɗan lokaci, kaifin bugun ya ragu, sannan ta farfaɗo yayin da sautin ke gushewa, sai a ji kamar ya daɗe yana amo. Masu jita wasu wannan suke nema, wasu kuma gudunsa suke. Fender Twin Reverb da dayod na silikon ta fito, don a samu sauti mai ƙarfi da bai lanƙwashewa, Mesa kuma ta sa wa Dual Rectifier makunnin zaɓi tsakanin 5U4 da silikon. Amfilifayar aji A mai bawul ɗaya kuwa karant ɗinta kusan tsaye yake ko ana kiɗa ko ba a yi, lotsawa ba ta da wani tasiri a can, rizistan boltej kawai yake gyarawa. A na'urar sauraren kiɗa ta gida ma ba a son lotsawa ko kaɗan. A can za ka so ƙaramin rizista, ka rage boltej da Zener idan ya zama dole. Wani ɓangare na taurin da ka ji ma ba rashin lotsawa ba ne, ƙarin boltej ne da ya ba bawulolin fili kafin su fara murɗe sauti. Da zarar ka dawo da 370V, mafi yawan abin da ka rasa zai dawo.

Sai batun jinkiri, inda aka fi yawan surutu. 5Y3 da 5U4 zarensu shi ne katod ɗinsu, yana zafi cikin daƙiƙa biyu ko uku. 6V6 kuwa sai ya yi daƙiƙa goma ko fiye kafin ya fara ja. Ma'ana bawul ɗin da ka cire bai taɓa ba ka wani jinkirin a zo a gani ba. Tun ranar da aka ƙera amfilifayarka, babbar wuta na riga bawulolin fita isowa. GZ34 da EZ81 ne masu katod daban da hita, su ne ke tashi a hankali tare da sauran bawuloli, kuma mai cire su ne ya yi asarar jinkiri na gaske.

Ana yawan cewa idan babbar wuta ta iso kafin katod ya yi zafi, za ta kankare masa rufinsa. A manyan bawulolin gidajen watsa shirye-shirye masu aiki da dubban volt, jinkiri wajibi ne, takardunsu ma sun faɗa. A ƙananan bawuloli masu aiki da 400V ko 500V, ban yarda abin tsoro ba ne. Fender Champ da Deluxe na shekarun 1950 da 5Y3 suke, babu makunnin jira, kuma ba a san su da cin bawul ta wannan hanyar ba. Abin da ke cikin haɗari a waɗannan daƙiƙu goma shi ne kafasita. Babu mai jan karant, saboda haka babu abin da ke zuba a kan rizistanka ko a kan rizistocin da ke gaba, duk layin yana hawa har ƙololuwa, 495V ko fiye, har kafasitocin firi-amf, matakin farko na ƙara sauti, da suka saba ganin 250V. Naka na 450V sun daɗe suna shan wannan ko da 5Y3, da silikon kuma zai zo nan take kuma ya ɗan fi tsayi. Na biyu shi ne matakan da aka haɗa kai tsaye ba kafasita a tsakani, inda girid, wato mashigar sauti, na bawul na gaba ke jone da anod ɗin na baya, kamar mai bin katod da ke cikin Bassman da Marshall. A sanyi girid ɗin na hawa ɗaruruwan volt alhali katod na ƙasa, wuta na iya tsallakawa tsakaninsu. Maganin wannan ƙaramin dayod ne da rizista daga girid zuwa katod, ba sai an jinkirta dukan amfilifayar ba.

Don haka a wurinka amsa ita ce ba dole ba ne. Canja kafasitocin zuwa na 500V, ta matakin farko kuma 550V, ko mafi kyau ka jera biyu masu 350V a matakin farko, kowace da ninkin darajar da kake so, da rizista 220kΩ mai 2W a gefen kowace don su raba wutar, su kuma sauke ta idan an kashe. Wannan ya fi kowace dabarar jinkiri dogaro, don babu abin da zai lalace a cikinsa ya bar ka ba kariya.

Idan kuwa GZ34 ake cirewa daga na'urar da kafasitocinta ke bakin iyaka, to jinkiri ya zama abin yi. Dynaco ST-70 misali ce: taransifomarta 360-0-360, ƙololuwa 509V, kafasitar gwangwaninta 525V. Tamista mai raguwar juriya da zafi, irin CL-90, tana taushe bugun farko ne kawai, ba ta kai daƙiƙa goma, kuma idan aka kashe aka sake kunnawa tana da zafi ba ta yin komai. Rile mai agogo, wato makunnin da ke rufe kansa bayan ɗan lokaci, yana jinkirtawa, amma yana sako wutar gaba ɗaya a kan bawulolin da suka riga suka yi zafi, ka ji "dum" a lasifika, ƙananan rile kuma ba a yi haƙoransu don 450V na DC ba. Idan za a yi da rile, gara ya riƙa gajarce wani babban rizista da ya riga ya fara cika kafasitocin.

Hanyar da ta fi kyau MOSFET ce, wato taransista mai ƙafa uku, sos da diren da get, kuma soket ɗin kansa ya ba da dama mai daɗi. A soket mai ƙafa takwas, ƙafa ta 4 da ta 6 su ne anod biyu, ta 2 da ta 8 naɗin 5V ne, daga ta 8 kuma babbar wuta ke fita. Babu ƙasa a soket ɗin ko ɗaya, wanda ke hana yawancin da'irori aiki. Amma naɗin 5V ɗin da ya zama marar aiki yana yawo ne a kan babbar wutar, jone da ƙafa ta 8. Sai ka sa sos ɗin MOSFET a ƙafa ta 8, diren ɗinsa a mahaɗar dayod, ka ninka 5V ɗin da ƙananan dayod biyu da kafasita biyu ka samu wajen 12V, ka kai shi get ta rizista 1MΩ da kafasita 22µF. Get ɗin zai kai 4V, inda MOSFET ke fara buɗewa, cikin kusan daƙiƙa tara, sannan ya ɗauki wasu daƙiƙu biyu ko uku yana buɗewa a hankali. Ka zaɓi mai jure 800V zuwa 1000V, ka sa Zener mai 12V tsakanin get da sos, da rizista na 'yan ɗaruruwan ohm a manne da ƙafar get don hana shi kaɗawa, da hanyar da za ta sauke kafasitar agogon da sauri idan an kashe. A waɗannan daƙiƙun buɗewar yana iya ɗaukar 15W, saboda haka yana son ƙarfen shan zafi, kuma ka duba jadawalin iyakar aikinsa a takardarsa, ba adadin watt na shafin farko ba. Bayansa na ƙarfe diren ne, yana ɗauke da 500V, dole a raba shi da shasi. Wannan dabarar yawanci ba ta yiwuwa a EZ81, domin galibi hitarta a kan naɗin 6.3V na sauran bawuloli take. A can anod ƙafa ta 1 da ta 7 ne, katod ta 3.

Kafin ka jona komai a soket, leƙa ƙarƙashinsa. Masu haɗa amfilifaya sukan mayar da ƙafafun da bawul bai amfani da su wurin ɗaure wasu wayoyi, wasu kuma daga ƙafa ta 2 suke ɗibar wutar.

Cire bawul ɗin ya sauke wa taransifoma 10W na zaren 5Y3, ko 15W idan 5U4 ne mai jan 3A, don haka hitar 6.3V na iya ɗan hawa. Auna ta, idan ta wuce 6.9V a rage. Kada kuma ka ce tunda iyakar kafasitar farko ta tafi, wadda a 5Y3 wajen 20µF ce, a GZ34 kuma 60µF, bari ka zuba 220µF. Dayod zai jure, amma kurɓar za ta ƙara gajarta da tsayi, naɗin taransifoma ya ƙara zafi, lotsawar da kake nema kuma ta gudu. 22µF zuwa 47µF ya isa. Duk lissafin da na yi a sama na tsarin da kafasita ke fara tarbar wuta ne. Idan cok, wato naɗin waya mai tace wuta, ne a gaba, karant ɗin a miƙe yake, raba boltej da karant kai tsaye ya wadatar, sai dai cok na harbo wuta mai tsini idan aka katse shi, dayod na buƙatar ƙarin rata da ƙaramar kafasita kamar 100nF mai jure 1.5kV ko fiye a gabansa.

Wajen gwaji, kafasitocin nan na iya riƙe abin da zai kashe mutum bayan an zare filogi. Sauke su ta rizista, ka tabbatar da mita kafin hannu ya shiga, mitar kuma da wayoyinta su zama masu jure 1000V. Maƙala wayar mitar tun a kashe, kada ka riƙa lalube da hannu biyu a kunne. Kunnawar farko a yi ta da kwan fitila mai zare na 60W a jere da wutar shiga: ya haska ya dushe, lafiya, ya tsaya da haske, akwai inda ya haɗe. Bayan ka cire kwan, ka kalli mita tun daga daƙiƙar farko ka rubuta mafi tsayin abin da ta nuna, sannan inda ta zauna.

Akwai kuma zaɓin da bai kamata a manta ba. Har yanzu ana ƙera 5Y3 da 5U4 da GZ34. Kana iya sa sabon bawul, ka jera UF4007 tsakanin kowace ƙafar taransifoma da anod ɗinsa. Dayod ɗin ya taya shi tare wutar baya, ya kare taransifoma idan bawul ɗin ya yi tartsatsi a ciki, sauti da boltej kuma su zauna yadda suke. Ka dai auna bayan sawa, domin wasu 5Y3 na sabon ƙira ba sa zubar da wuta kamar na da.

Idan ka tsaya a kan silikon, ga abin da zan sa a taka: fiyus da rizista 330Ω mai 10W da UF4007 biyu a kowace ƙafa, su haɗu a ƙafa ta 8, kafasitocin da za su jure 550V a matakin farko da 500V a sauran, babu jinkiri. Idan wutar ta zauna sama da 380V ka koma 390Ω, idan ta faɗi ƙasa da 360V ka koma 270Ω. Sannan ka sake auna rizistan katod. In ya wuce 21V, ɗaga shi zuwa 270Ω ko 300Ω mai 10W har kowane 6V6 ya sauko wajen 12W.